Ɗaukar Dala ba gammo: yadda shugabanci ke raya ko kashe ƙwazon ma'aikatan ƙananan asibitoci

A ce ƙwan fitilar ɗakin haihuwa ya ƙone a wani ƙaramin asibitin mazaɓa. Kuɗinsa bai kai na kwanon shinkafa ba, kuma shagon da ake sayar da shi yana bakin kasuwa, tafiyar minti biyar. A tsarin da aka daɗe ana bi a ƙananan hukumomi da yawa, incajin asibitin ba shi da ko sisin gwamnati a hannunsa da zai saya. Sai ya rubuta takarda zuwa ga kodinetan lafiya a sakatariya, kodineta ya sa hannu ya tura gaba, takardar ta shiga layi tare da ta gyaran motar ciyaman. Kafin ta fito, idan ma ta fito, ungozomar da ke dutin dare ta karɓi haihuwa goma da tocilar waya a baki, don hannuwanta biyu suna cikin safa. Ranar da jini ya ɓalle wa mai haihuwa ba a lura da wuri ba, takardar tuhuma ba sakatariya za ta nufa ba. Sunan ungozomar ne a kai, sai na incaji.

Irin wannan tsari, inda alhaki ke wuyan wani kuma wuƙa da nama ke hannun wani, yana cikin manyan abubuwan da ke cinye ƙwazon ma'aikaci a ƙananan asibitocin Najeriya, amma ba safai ake ambatonsa ba idan an zauna lissafin matsaloli. Abin da aka fi ji shi ne ma'aikata malalata ne, ba sa zuwa da wuri, a ƙara sa musu ido. Malalata kam akwai su. Sai dai ungozomar da ta sayi ƙwan fitila da kuɗinta sau ɗaya, sau biyu, ba a mayar mata ba, ko sannu ba a yi mata ba, a karo na uku naɗe hannu za ta yi ta ce aikin gwamnati ba na gidansu ba ne. Wanda ya zo duba aiki a ranar zai rubuta cewa ba ta da kishin aiki, don bai ga karo biyun farko ba.

Idan ana maganar a sakar wa ma'aikaci mara, abin nufi shi ne duk abin da za a tuhume shi a kai, a ba shi damar yanke hukunci a kai. Wannan dama ba ta tabbata da baki kawai. Incajin da aka ce wa "asibitinka ne, ka san yadda za ka yi", alhali ba shi da asusu, ba a faɗa masa nawa aka ware wa asibitin ba, bai san dalilin da ya sa aka rage masa maganin zazzaɓi a wannan wata ba, daɗin baki aka yi masa. Sai ikon yanke hukunci ya haɗu da kuɗi ko kayan aiki, da sanin halin da ake ciki, da ƙwarewar da za ta sa hukuncin ya yi kyau, sannan mutum yake ji a jikinsa cewa aikin nasa ne.

Abin da aka auna a nan gida

Akwai hujja a kan wannan, kuma daga Najeriya ta fito. Bayan ƙasashen Paris Club, wato ƙungiyar ƙasashe masu ba da bashi, sun yafe wa Najeriya bashin dala biliyan 18 a 2005, an karkatar da kuɗin da aka tsira da su zuwa ayyukan raya jama'a: rijiyoyin burtsatse, gine-gine, ƙananan madatsun ruwa, wutar karkara. An tura injiniyoyi masu zaman kansu da ƙungiyoyin farar hula suka je suka duba ayyukan da idonsu. Wasu masana tattalin arziki biyu, Imran Rasul da Daniel Rogger, suka ɗauki wannan bayani na ayyuka sama da 4,700 da ma'aikatu da hukumomin tarayya 63 suka gudanar, suka haɗa shi da binciken yadda ake tafiyar da ma'aikata a kowace hukuma. Fiye da kashi ɗaya cikin uku na ayyukan ko farawa ba a yi ba.

Abin da ya ja hankali shi ne bambancin da ke tsakanin hukumomin. Inda ake barin ma'aikatan tsakiya su ba da shawara, su sauya hanyar aiki idan sun ga wadda ta fi, an fi kammala ayyuka. Inda aka fi ƙarfafa sa ido da alƙawarin lada ko horo bisa makin da oga ya bayar, kammalawar raguwa ta yi. Wannan ya saɓa wa abin da kowa zai zata, amma dalilin a fili yake ga duk wanda ya san ofis. Aikin gwamnati fuskoki ne da yawa, kaɗan ne daga ciki ake iya aunawa. Idan aka ce a kan fayil nawa ka fitar za a auna ka, fayil za ka yi ta fitarwa, zuwa duba rijiyar da ake haƙawa a ƙauye ya jira. Idan kuma makin a hannun oga yake shi kaɗai, hanya mafi sauƙi ta samun maki ita ce faranta wa oga: riga shi zuwa ofis, karɓar masa jaka, aikin ganin ido. Fadanci ya zama sana'a, rijiya na nan ba ruwa.

Gwajin da ya fi kusa da batunmu an yi shi a ƙananan asibitoci kansu, ƙarƙashin NSHIP, shirin inganta kiwon lafiya a jihohi da Bankin Duniya ya tallafa, a jihohin Adamawa, Nasarawa da Ondo. An raba ƙananan hukumomin jihohin uku gida biyu. A kashi na farko ana biyan asibiti gwargwadon yawan aikin da ya yi da ingancinsa: haihuwa nawa aka karɓa, yara nawa aka kammala wa rigakafi, mata nawa suka zo awo. Har rabin kuɗin ana iya raba wa ma'aikata a matsayin ihisani. A kashi na biyu ana tura wa asibiti kuɗi kai tsaye, kimanin rabin abin da na farko ke samu, ba a ɗaure shi da yawan aiki ba, kuma babu ihisanin ma'aikata. Abin da ɓangarorin biyu suka haɗu a kai shi ne kowane asibiti yana da asusun banki nasa, yana tsara abin da zai kashe kuɗi a kai tare da kwamitin mazaɓa, yana sayen magani da kansa daga dillalan da aka tantance, kuma ana zuwa duba shi da takardar auna inganci duk wata uku.

Da aka auna bayan 'yan shekaru, duka biyun sun inganta ta fuskar samun magani da kayan aiki da gyaran gini idan aka kwatanta da wuraren da ba su cikin shirin. Masu ihisani sun fi jawo mata haihuwa a asibiti, amma a abubuwa da dama masu rabin kuɗin sun yi kafaɗa da kafaɗa da su, a rigakafin yara ma har sun ɗara. Fahimtar da ta fi dacewa da wannan sakamako ita ce, babban rabon ci gaban ya fito ne daga abin da duka biyun suka samu, wato asusu da damar kashewa da dubawa a kai a kai. Ihisanin ya yi tasirinsa, amma bai kai yadda aka zata ba.

Yadda ake ba da iko ta ƙofa a karɓe ta taga

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa BHCPF, asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda ake zuba wa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, kuma an fara sa shi a kasafin 2018. Ɗaya daga cikin hanyoyinsa ita ce tura kuɗi kai tsaye zuwa asusun asibiti aƙalla ɗaya a kowace mazaɓa. A shekarun farko abin da ke shiga kowane asibiti ya ɗan haura naira dubu 300 a duk wata uku. Incaji da shugaban kwamitin ci gaban mazaɓa ne ke sa hannu a asusun, ana rubuta tsarin kashe kuɗi na zangon, a ƙarshe a kawo rasit a yi bayanin inda kuɗi suka tafi. Kuɗin ba su da yawa, amma sun isa sayen ƙwan fitila, gyaran famfo, omo da sabulu, man babur na fita rigakafi ƙauyuka.

Inda abin ke lalacewa a wurare huɗu ko biyar ne, kuma kusan dukkansu na shugabanci ne. Kuɗin zangon farko su iso a tsakiyar zango na biyu, tsarin da aka rubuta ya zama tarihi saboda farashi ya tashi. Wani daga sama ya kira waya ya ce a sayi kaya daga wurin wane, a kan farashi kaza. Asusun na asibiti ne a takarda, hukuncin na wani ne. Incajin da ba a taɓa koya wa riƙon littafin kuɗi ba ya tara rasit a leda, lokacin bayani ya yi lissafi ya ƙi haɗuwa, a tsayar da kuɗin zango na gaba, asibitin gaba ɗaya ya sha horon rashin horar da mutum ɗaya. Wannan na ƙarshen gyaransa kwana biyu ne: littafi mai shafin shiga da fita da saura, a rubuta duk abin da aka kashe a ranar da aka kashe shi, a manna rasit a bayan baucansa, a daidaita da takardar banki duk ƙarshen wata.

Akwai kuma wanda ba a cika faɗa ba, don ya shafi incajin kansa. Mutumin da ya shekara goma yana kukan an riƙe masa iko, ranar da asusu ya shigo hannunsa sai ya zama ƙaramin ciyaman. Ba wanda ya san nawa ya shigo sai shi da shugaban kwamiti. Ungozoma ta nemi safar hannu, a ce babu kuɗi, washegari a ga ana fentin ofishin incaji. Ko bai ci kwabo ba, zargi ya shiga, kuma zargi yana kashe jiki kamar yadda satar gaske ke yi. Incajin da ya san aikinsa yana liƙa takardar shigowar kuɗi a allon sanarwa, yana zama da ma'aikata kafin ya rubuta tsarin zango, kowane sashe ya faɗi abu biyu da suka fi damunsa, a jera su bisa wanda rashinsa ya fi haɗari ga rai. Mai shara ma tana da abin faɗa, domin ita ta san guga nawa ya fashe.

Takardar firij

Idan ana so a gane irin shugabancin da ke wani asibiti, a duba takardar da ke manne a jikin firij ɗin rigakafi. Ƙa'ida ita ce sanyin ya tsaya tsakanin digiri 2 da 8, a duba a rubuta safe da yamma, har Asabar da Lahadi. Firij na gaske yana hawa yana sauka: yau 4, gobe 6, ranar da aka yawaita buɗewa 7. Takardar da aka ga 5, 5, 5 daga ɗaya ga wata har talatin, da biro ɗaya da hannu ɗaya, a zama ɗaya aka cike ta ranar da aka ji masu dubawa na tafe.

Lamarin ba ƙarami ba ne. Allurar Penta, rigakafin cututtuka biyar da ake yi wa jariri a sati 6, 10 da 14, idan ta daskare ta lalace, kuma ɗigon da ke sauya launi a jikin kwalbar zafi kawai yake nunawa, ba ya nuna daskarewa. Sai an yi gwajin girgizawa, an kwatanta da kwalbar da aka daskarar da gangan, ake ganewa. Ma'aikacin da ya buɗe firij da safe ya ga sanyi ya sauka ƙasa da sifili yana da zaɓi biyu. Ya faɗa, a ware alluran, a gwada, a rubuta asara. Ko ya rubuta 5 ya rufe bakinsa, a yi wa yara allurar da ba ta da amfani. Wanda zai zaɓa ya dogara ne da abin da ya gani ya faru da wanda ya faɗi gaskiya a baya. Idan an ci mutuncin wancan a gaban masu awo, an ce za a cire kuɗin a albashinsa, to an koya wa kowa darasi, kuma ba darasin da ake so ba.

Amy Edmondson ta Jami'ar Harvard ta ci karo da wannan a shekarun 1990, lokacin da take nazarin kurakuran ba da magani a asibitocin Amurka. Ta zaci rukunin ma'aikatan da suka fi jituwa da shugabansu za su fi ƙarancin kuskure a rubuce. Sai ta tarar su ne suka fi yawa, saboda su ne ba sa tsoron faɗa. Saboda haka asibitin da rahotonsa ya fito fes duk wata, ba magani da ya ƙare, ba allurar da ta lalace, yawan yaran da suka karɓi Penta ta uku daidai da na ta farko, shi ya kamata a fara zuwa dubawa. A aikace, idan waɗanda suka fara ba su ƙarasa ba suka haura kashi 10 cikin 100, alama ce ta matsala a bin sawu. Idan kuwa sifili ne cur wata bayan wata a mazaɓar da Fulani ke tashi da shanu da rani, alƙalami ne ya yi rigakafin.

A nan ne salon masu zuwa dubawa daga ƙaramar hukuma ko jiha yake da nauyi. Akwai mai sauka daga mota ya nufi rajistar zuwa aiki, ya ja jan layi, ya yi faɗa, ya sha lemo, ya tafi cikin minti ashirin. Akwai kuma mai zama ya kalli yadda ake awon ciki ɗaya daga farko har ƙarshe, ya buɗe rajista ya ƙirga da kansa ya kwatanta da rahoton wata, ya tambayi abin da ya hana aiki, sannan a rubuta abu biyu ko uku da za a gyara, da sunan mai gyarawa da ranar da za a duba, ciki har da abin da shi mai dubawar ya ɗauka zai yi. Zuwansa na gaba da wannan takarda yake farawa. Idan ya dawo bai cika nasa ba, ya rasa bakin tuhumar kowa.

Albashi, ƙarin girma da taron bita

Masanin halayyar ɗan Adam Frederick Herzberg, a binciken da ya wallafa a 1959 bayan hira da injiniyoyi da akantoci kimanin 200 a yankin Pittsburgh, ya ce abubuwan da ke ɓata wa ma'aikaci rai daban, waɗanda ke sa shi ƙwazo daban. Albashi, yanayin wurin aiki da dokokin ma'aikata idan sun lalace suna jawo ƙorafi, amma gyara su kaɗai ba ya sa mutum ya so aikin. Abin da ke sa shi shi ne aikin kansa, da yabo idan ya yi daidai, da ɗaukar nauyi, da ganin yana ci gaba. Shugabanni na son rabin wannan magana, don yabo ba ya cin kasafi. Amma injiniyoyin Herzberg ana biyansu a kan lokaci. Ma'aikaciyar da kuɗin mota ya ninka mata bayan cire tallafin mai a 2023, wadda take jiran ganin mafi ƙarancin albashi na naira dubu 70 da aka sa wa hannu a Yulin 2024 ya bayyana a nata alat, takardar yabo ba za ta kai ta ƙauye ran Litinin ba. Irin wannan ne ke haifar da rabon kwana tsakanin ma'aikata: ke ki zo Litinin da Talata, ni Laraba da Alhamis, rajista kuwa kowa ya sa hannun kwana biyar.

Ƙarin girma ma haka. A ƙa'idar aikin gwamnati, ma'aikacin da ke mataki na 7 zuwa 14 yana cancantar a duba ƙarin girmansa bayan shekara 3. Abin da ya fi jinkirin ciwo shi ne takarda ta fito, mutum ya hau mataki a suna, albashi ya tsaya a na da, ariyas ya yi ta taruwa ba ranar biya. Incaji ba shi da iko a kan wannan, amma yana da abin yi: ya tabbatar an cike takardun tantance aikin shekara a kan lokaci, ya bi fayil ɗin ma'aikatansa a sakatariya, ya dawo ya faɗa musu gaskiyar inda aka tsaya ko da ba daɗi. Ma'aikata suna iya bambance shugaban da ya gaza bayan ya yi ƙoƙari da wanda bai taɓa tambaya ba.

Abin da ke hannun incaji ɗari bisa ɗari, kuma ya fi komai raba kan ma'aikata, abu biyu ne: jadawalin duti da zaɓen mai zuwa taron bita. Bita tana zuwa da alawus, wani lokaci kwana biyar a babban birnin jiha ya kai wani kaso mai tsoka na albashin wata. Idan kullum mutum biyu ne ke tafiya, masu uwa a gindin murhu, har a tura mai kula da kati bita a kan tsayar da zubar jini bayan haihuwa alhali ungozoma na nan, an yi asara biyu: ilimin ya tafi inda ba za a yi amfani da shi ba, sauran kuma sun gane cewa ƙwazo ba shi ne hanya ba. Mutane suna jure wa ƙaranci idan rabon ya yi daidai fiye da yadda suke jure wa son kai a cikin yalwa. Littafi guda ya wadatar, mai sunan kowa da bitar da ya je da ranar, a buɗe ga kowa, da sharaɗin wanda ya dawo zai koyar da sauran cikin sati biyu. Jadawalin duti kuma a fitar da shi kafin wata ya kama, a juya dutin dare da na ranakun Sallah a kan kowa, a bar mutum biyu su yi musanya tsakaninsu muddin sun rubuta.

Sai dai a yi hattara da kalmar gamsuwa. Bincike ya daɗe da nuna cewa alaƙar jin daɗin aiki da yawan ƙwazo matsakaiciya ce. Wanda ke zuwa sau biyu a sati, albashinsa na shiga, ba mai tambayarsa, idan aka ba shi takardar tambaya zai ce ya gamsu ƙwarai. Wadda ta fi kowa ƙorafi a taro sau da yawa ita ce ke riƙe da asibitin, kuma ƙorafinta a kan abin da ke hana ta aiki ne. Shugaban da ke kyale mai fashi don a zauna lafiya, ita yake hukuntawa, domin dutin wancan a kanta yake faɗawa. Irin wannan haɗi na aiki mai yawa da ƙarancin iko shi ne masani Robert Karasek ya nuna a 1979 cewa ya fi kowane gajiyar da ma'aikaci, kuma binciken Whitehall na biyu, wanda ya fara bin ma'aikatan gwamnati sama da dubu 10 a Landan tun 1985, ya gano masu ƙarancin iko a kan aikinsu sun fi kamuwa da ciwon zuciya.

Inda sakin mara ke zama yasarwa

Ƙaramin ma'aikacin lafiyar al'umma da ya fito makaranta bara, aka kai shi asibitin ƙauye shi kaɗai da maigadi, ba wanda zai kira idan mai ciki ta zo tana jijjiga, wannan ba a ba shi iko ba, yasar da shi aka yi. Manufar rarraba ayyukan lafiya da gwamnatin tarayya ta amince da ita a 2014 ta buɗe wa ma'aikatan lafiyar al'umma wasu ayyukan da a da na ungozoma ne ko likita, amma bisa sharaɗin horo da kulawa. Littafin ƙa'idojin aikinsu ma haka aka gina shi: ga abin da za ka yi da kanka, ga alamar da idan ka gani ka ba da taimakon farko ka tura gaba. Iyakar da aka zana a fili ita ke ba mutum ƙarfin hali, don ya san a cikinta ba wanda zai tuhume shi.

Haka ya kamata incaji ya yi idan zai danƙa wa wani aiki. A ce zai ba wata kula da ɗakin magani. Ya faɗa mata sakamakon da ake nema, misali kada maganin zazzaɓi, allurar oksitosin ta tsayar da jini bayan haihuwa da kayan gwajin maleriya su taɓa yankewa. Ya faɗi abin da za ta yanke ita kaɗai, kamar yin odar duk abin da ya sauka ƙasa da na wata guda, da adadin nairar da idan za a haura sai ta tuntuɓe shi. Ya ba ta makulli da katin kaya, ya sanar da sauran ma'aikata a gabanta, su sa ranar da za su zauna su duba tare, sati biyu-biyu da farko, daga baya wata-wata. Wurin da aka fi faɗuwa shi ne ranar da ta yanke hukuncin da bai yi masa ba. Idan ya warware shi a gaban mutane, ko wani ya zagaye ta ya zo wurinsa ya ba shi magani da hannunsa, makullin ya zama ado, gobe ko fanadol sai ta zo ta tambaya.

Al'adarmu ta girmama na gaba tana ƙara wa wannan nauyi. Yarinyar da ta fara aiki ba za ta buɗe baki a taro ta ce wa incaji sa'an mahaifinta "Malam, ba haka ba ne" ba, ko da ta ga rami a gabansa. "Akwai mai magana?" a ƙarshen taro shiru yake haifarwa, shugaba ya ɗauka an amince. Masu dabara suna fara tambayar ƙananan ma'aikata kafin manya su furta ra'ayi, suna yin tambaya takamaimai, kamar "Sista, a dutinki na jiya me kika nema kika rasa?", kuma gyaran kuskure a keɓe suke yinsa, musamman idan wanda za a gyara ya girme su. Matashin incajin da ya daka wa Baba maigadi tsawa a gaban marasa lafiya, ko yana da gaskiya, ya ɓata da unguwar gaba ɗaya, don Baban ɗan gari ne, shi kuwa baƙo.

Duk wannan gini takardar taransifa ɗaya ke rushe shi. Incaji ya shekara biyu yana sabawa da mai unguwa da limami da ungozomomin gargajiya, ya koyi riƙon asusu, ma'aikata sun fara faɗa masa gaskiya, sai a wayi gari an ɗauke shi saboda ya ƙi sayen kaya inda aka nuna masa, ko don wani yana son kujerar tunda yanzu akwai asusu. Sauran incajoji suna kallo, kuma sun fahimci saƙon. Ko da canjin na gaskiya ne, sauya sa hannu a banki yana buƙatar takardar hukuma da zaman kwamitin mazaɓa da zirga-zirga zuwa reshen bankin da sau da yawa yana wani gari. A makonnin da wannan ke ɗauka kuɗi na kwance a asusu ba mai iya taɓawa. Hukumar da ta san haka tana haɗa takardar canjin da ta banki a rana ɗaya, tana ba tsohon da sabon sati biyu tare su ƙirga magani kwalba-kwalba, su daidaita littafin kuɗi da na banki, su zaga su gaida masu gari, sannan duka biyun su sa hannu a takardar miƙa aiki a gaban shugaban kwamiti.